GIDA DA ZOBE: TARIHIN DA KE JIKIN AGOGON NUTSO



Akwai wani nau'in agogo da kusan kowa ya sani ko da bai san sunansa ba: mai kaurin jiki, mai baƙar fuska, da manyan ɗigo-ɗigo masu haske a cikin duhu, ga kuma wani zobe mai lambobi 10, 20, 30 zagaye da gilashinsa, wanda in ka murɗa shi za ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas. Wannan shi ne agogon nutso, wato na masu shiga ƙarƙashin teku. A 'yan shekarun nan wata sha'awa ta yaɗu a Turai da Amurka da Asiya, inda mutum zai sayi inji daban, gida daban, zobe daban, fuska da hannaye daban, ya zauna ya harhaɗa wa kansa agogo mai kama da na shekarun 1950 ko 1960. Mafi yawan gardamar masu wannan aiki a kan abu biyu take: wane gida za a ɗauka, kuma wane zobe zai hau kansa.

Da jin farko sai a ɗauka gardamar ado ce. In an bi ta a hankali, gardamar tarihi ce. Kowane lanƙwasa da ke jikin gidan agogon nutso, da kowane layi da ke kan zobensa, amsa ce ga wata matsala da ta taso a wata shekara sananniya. Wanda bai san shekarun ba zai haɗa kayan da ba su taɓa zama zamani ɗaya ba.

Kafin mu shiga, ga kalmomin da za mu yi amfani da su. Gida shi ne ƙarfen da injin ke zaune a cikinsa. Zobe shi ne abin da ke juyawa a kewayen gilashi, falle kuma shi ne siririn faifan da aka rubuta lambobi a kai aka liƙa a cikin zoben. Maɓalli shi ne ɗan abin gefe da ake wana agogo ko saita lokaci da shi. Kunnuwa su ne ƙafafu huɗun da ke riƙe maɗauri.

GIDA YA RIGA ZOBE

Matsalar farko ruwa ce. Agogo na da ƙofofi uku da ruwa ke bi: bakin gilashi, murfin baya, da ramin maɓalli. Na ukun ne ya fi wahala, domin kullum ana taɓa shi. A 1925 wasu mutanen Siwizalan biyu, Paul Perregaux da Georges Peret, suka yi rajistar maɓallin da ake murɗawa ya ɗaure a jikin gida kamar murfin kwalba. Hans Wilsdorf, mai kamfanin Rolex, ya sayi haƙƙin wannan dabara, a 1926 ya fito da gidan da ya kira Oyster, wanda murfin bayansa ma murɗa shi ake yi. A watan Oktoban 1927 wata 'yar Ingila mai suna Mercedes Gleitze ta rataya irinsa a wuya ta yi sama da awa goma tana iyo a mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa. Sanyi ya sa aka fitar da ita kafin ta ƙarasa, amma agogon na nan yana tafiya. Wilsdorf ya sayi shafin farko na jaridar Daily Mail ya tallata labarin.

Iyo a saman ruwa daban, nutso daban. Duk mita goma da mutum ya ƙara nutsewa, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A 1932 Omega ta gwada wata hanya da agogonta Marine, inda gida ɗaya ke zurawa cikin wani gidan a kulle. Sai kuma shagon Panerai na birnin Filorens, wanda daga 1936 ya riƙa samar wa zaratan sojojin ruwan Italiya agogon Radiomir. Gidansa mai faɗin milimita 47 ne, siffarsa kamar matashin kai, kunnuwansa kuwa waya ce aka lanƙwasa aka liƙa. Rolex ce ke ƙera musu gidan da injin. Daga cikin wannan runduna ne mutum shida suka kutsa tashar jiragen ruwa ta Iskandariya a Disambar 1941, suka lalata manyan jiragen yaƙin Birtaniya biyu, Queen Elizabeth da Valiant.

Abin lura a nan shi ne duk waɗannan agogai ba su da zobe mai juyawa. Don haka wanda ya sa zobe a kan gida mai kunnuwan waya ya haɗa kaka da jika a aji ɗaya.

SHEKARAR DA ZOBE YA ZAMA DOLE

A 1943 Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka kammala na'urar numfashi ta Aqua-Lung, wadda ta ba mutum damar goya tukunyar iska ya yi yawo a ƙarƙashin teku ba tare da igiya ko mesa ta haɗa shi da jirgi ba. Wannan 'yanci ya zo da haɗari biyu. Na farko, iska na ƙarewa. Na biyu, yayin da mutum ke daɗewa a zurfi, iskar naitirojin na narkewa a cikin jininsa. In ya wuce ƙa'ida ya taso kai tsaye, sai ta yi kumfa a jiki kamar lemon kwalba da aka buɗe, abin da kan kai ga shanyewar jiki ko mutuwa. Tsohon jadawalin sojojin ruwan Amurka ya ba mai nutso minti 60 a zurfin ƙafa 60, amma minti 25 kacal a zurfin ƙafa 100. Ashe abin da mai nutso ke buƙatar sani shi ne minti nawa ya yi a ƙasa, kuma ya san shi da kallo ɗaya, cikin duhu, ba tare da lissafi ba.

Aikin zobe ke nan. Kafin ka nutse sai ka juya shi har alamar farko ta yi daidai da dogon hannu. Daga nan duk inda hannun ya kai, lambar da ke kan zoben ita ce mintocin da ka yi.

A 1953 kamfanoni biyu suka fito da wannan tsari. Blancpain, a ƙarƙashin Jean-Jacques Fiechter wanda shi kansa mai nutso ne, ta yi Fifty Fathoms tare da hafsoshin Faransa biyu, Robert Maloubier da Claude Riffaud, waɗanda ke kafa rundunar mayaƙan ƙarƙashin ruwa. Sunan na nufin gaba hamsin, kimanin mita 91. Zobensa mai faɗi ne, mai manyan lambobi, kuma sai an danna shi ƙasa kafin ya juya. Rolex kuma ta yi Submariner mai jure mita 100, ta nuna shi a baje-kolin Bazel na 1954. Zobensa siriri ne, yana juyawa dama da hagu, ba ya ƙara, matsewar wani siririn ƙarfe a ƙarƙashinsa ce kawai ke riƙe shi.

Wannan batu na juyawa gefe biyu shi ne aka fi mantawa. A yau kusan kowane agogon nutso hagu kawai zobensa ke juyawa, kuma da dalili. Ka ce ka saita alama a kan 12, ka yi minti 20 a ƙasa, sai zoben ya bugi dutse ya goce da minti biyar. In hagu ya goce, zai nuna maka 25, sai ka taso da wuri, ba ka yi asarar komai ba. In dama ya goce, zai nuna 15, sai ka zauna kana zaton kana da sauran lokaci. Amma Submariner bai sami zobe mai juyawa gefe ɗaya ba sai wajen 1980, da samfurin 16800. Duk wanda ya harhaɗa kwaikwayon Submariner na 1960 ya sa masa zobe mai ƙas-ƙas, ya ƙara masa aminci, amma ya gusa da shi shekara ashirin gaba.

GIDAJE UKU, TUNANI UKU

In aka jera gidajen da masu harhaɗawa ke saye a yau, mafi yawansu zuriyar gidaje uku ne.

Na farko gidan Rolex ne. Samfuran farko ba su da kariyar maɓalli. Maɓallin tsirara yake a gefe. Mafi shahara cikinsu shi ne 6538 mai ƙaton maɓalli, wanda Sean Connery ya ɗaura a fim ɗin James Bond na farko, Dr. No, a 1962. A 1959 samfurin 5512 ya zo da gida mai milimita 40 da kafaɗu biyu da suka rungume maɓallin don kada ya karye. Kafaɗun nan ma suna da tarihinsu: sun fara da murabba'i, suka koma masu tsini, daga baya suka zama masu zagaye. Sai 5513 wanda aka yi ta ƙerawa daga 1962 har 1989. Duk waɗannan gidaje kunnuwansu a huje suke ta waje, ana zira tsinke a cire maɗauri, kuma gefen kunnuwan a fiƙe yake da wani siririn layi mai sheƙi. Gidan da ke da ƙattan kunnuwa marasa huji na wannan ƙarni ne.

Na biyu gidan Super Compressor ne na kamfanin Ervin Piquerez, wanda ya sayar wa kamfanoni da dama daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1970. Su sai suka mayar da zoben ciki, ƙarƙashin gilashi, inda dutse ba zai taɓa shi ba, suka ƙara maɓalli na biyu don juya shi. Murfin bayansa kuma an yi shi yadda nauyin ruwa zai ƙara matse shi a kan robar toshiya yayin da ake ƙara zurfi. Yawancin gidaje masu maɓalli biyu da ake sayarwa yanzu siffar kawai suka ɗauko, murfin bayansu na yau da kullum ne.

Na uku gidan Seiko ne na Jafan. Agogon nutsonsu na farko, wanda ake kira 62MAS, ya fito a 1965 da juriyar mita 150, kuma ayarin binciken Jafan sun tafi da shi yankin ƙanƙara na Antatika. Nan da 'yan shekaru suka sauko da maɓalli daga saitin ƙarfe uku zuwa kusa da ƙarfe huɗu don kada ya riƙa sukar bayan hannu. Samfurin 6105-8110 na 1970 ya zo da faffaɗan gida mai kumburi a gefe ɗaya wanda ya lulluɓe maɓallin. Shi ne matafiyin nan Naomi Uemura ya ɗaura a tafiyarsa ta keken karnuka daga Girinlan zuwa Alaska tsakanin 1974 da 1976, shi ne kuma a hannun Martin Sheen a fim ɗin Apocalypse Now na 1979. A 1968 wani mai aikin nutso mai zurfi daga yankin Hiroshima ya rubuto wa kamfanin cewa agogansu ba sa jure aikinsa. Injiniyoyi, ciki har da Ikuo Tokunaga, suka shafe shekara bakwai kafin a 1975 su fito da gida na taitaniyam wanda ba shi da murfin baya sam, an kuma kewaye shi da garkuwa. Saboda kamarsa da gwangwanin kifi aka laƙaba masa suna Tuna.

ABIN DA AKA RUBUTA A KAN FALLE

Fallen zobe ma yana faɗin shekarunsa. Na Submariner na farko alamar kowane minti biyar kawai yake da ita. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 aka ƙara ƙananan layuka na minti goma sha biyar na farko. A shekarun 1970 Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ta nemi nata na musamman: falle mai layin kowane minti har 60, hannaye masu faɗi kamar takobi, da sandunan maɗauri da aka liƙe su dindindin don kada agogo ya ɓalle. Doxa kuwa, a samfurinta Sub 300 na 1967 mai fuska ruwan lemo, sai ta zana jadawalin sojojin ruwan Amurka a kan zoben kansa: layin ciki mintoci, layin waje zurfi.

Sai abin da aka yi fallen da shi. Tsofaffin na Rolex da Seiko alminiyam ne mai rini, wanda rana da ruwan gishiri ke koɗar da shi ya koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Fallen tangaran, mai sheƙi wanda ba ya koɗewa ba ya karcewa, Rolex ta fara sa shi ne a 2005, bai kuma hau Submariner na ƙarfe ba sai 2010. Haka gilashi: na da roba ce mai garai-garai, mai tudu kamar ƙoƙo, wadda ke karcewa amma ana goge ta, na safaya ya zo daga baya. Fentin haske kuma ya bi matakai uku. Da farko rediyam ne, gubar da ta hallaka 'yan matan da ke fentin fuskokin agogo a Amurka a shekarun 1920. A shekarun 1960 aka koma tiritiyam, wanda rabin ƙarfinsa ke tafiya duk bayan shekara goma sha biyu da 'yan watanni, shi ya sa tsofaffin agogai ba sa haske yanzu, fentinsu kuma ya koma ruwan ƙwai. A 1993 kamfanin Nemoto na Jafan ya samar da fenti marar guba mai zuƙar haske ya mayar.

A KAN TEBURIN MAI HARHAƊAWA

Me ya sa harhaɗawa ta yi sauƙi haka? Amsar tana wurin Seiko. A 1996 suka fito da SKX007, agogon nutso mai araha mai jure mita 200, aka yi ta sayar da shi har wajen 2019. Injin da ke cikinsa, 7S26, shi ne dai wanda ke cikin ɗimbin agogon Seiko 5 da muka saba gani a hannun iyayenmu. Yawansa ya sa ƙananan masana'antu suka fara yin kayan canji daidai awonsa. Daga baya Seiko ta riƙa sayar wa kowa injin NH35, mai bugu 21,600 a awa, mai riƙe wani na kimanin awa 41. A yau mafi yawan gidajen kwaikwayo, har da masu siffar Rolex, an fafe cikinsu ne daidai wannan inji da fuska mai faɗin milimita 28.5.

A nan ne kwatance ke farawa, kuma ma'aunin baniya ya fi ido amfani. Gidan SKX ya haura milimita 42, tsakanin kunnuwansa 22. Tsohon Submariner 40 ne da 20. Gida mai maɓalli a ƙarfe uku da mai maɓalli kusa da huɗu ba sa karɓar ƙafafun fuska a wuri ɗaya, shi ya sa fuskokin kasuwa kan zo da ƙafa huɗu a yanke biyu. In injin mai nuna ranakun mako ne, faifan ranakun ma sai ya dace da inda maɓallin yake, in ba haka ba sunan ranar zai fito a karkace. Falle iri biyu ne, shimfiɗaɗɗe da mai gangara, kuma kowanne da gilashin da ke tafiya da shi. In aka saɓa sai a bar gurbi a tsakani inda datti zai taru. Bambancin rabin milimita a bakin ciki na falle ya isa ya sa ya riƙa gugar gilashi. Sandar maɓalli kuma doguwa take zuwa, sai an yanke ta daidai gidan: in ta yi tsawo maɓalli ba zai ɗaure ba, in ta gajarce ba za ta kai inji ba.

Wanda ya kiyaye duk wannan zai sami agogo mai tafiya. Kamannin zamani kuwa sai ya zaɓi shekara guda ya tsaya a kanta. In 1958 yake so: gida marar kafaɗu, babban maɓalli, kunnuwa masu huji, fallen alminiyam, gilashi mai tudu. In 1970 ta Jafan ce: faffaɗan gida, maɓalli a ƙasa, falle baƙi marar sheƙi.

INDA GASKIYA TA SHIGO

Kwaikwayon siffa ba sabon abu ba ne. Kamfanoni da yawa sun yi agogai masu kama da Submariner da sunayensu. Iyakar tana wurin rubutu. Wanda ya bar fuskar agogonsa babu suna, ko ya sa nasa sunan, ya yi abin sha'awa. Wanda ya buga kambin Rolex a kan abin da Rolex ba ta ƙera ba ya yi jabu, ko da bai yi niyyar sayarwa ba, domin agogo na daɗewa fiye da niyyar mai shi, wata rana zai faɗa hannun magaji ko dillali. Haka nan masu jiƙa falle a ruwan bilic don ya koɗe: in an faɗa, ado ne, in an sayar a matsayin tsohon asali, zamba ce, ganin cewa koɗaɗɗen falle na gaske kuɗi ne masu yawa a wurin masu tara tsofaffin agogai.

Akwai rubutun da ya fi na suna haɗari, wato na zurfi. Ƙa'idar duniya ta ISO 6425, wadda aka fara fitarwa a 1982, ta shar'anta cewa agogon da za a kira na nutso sai ya jure aƙalla mita 100, a iya karanta shi a duhu daga nisan santimita 25, a kare ma'aunin lokacinsa daga gocewa, kuma a gwada kowane guda ɗaya a matsin da ya haura abin da aka rubuta da kashi 25 cikin ɗari. Agogon da aka harhaɗa a teburin ɗaki bai bi ta wannan gwaji ba, ko da an buga mita 200 a fuskarsa. Roba ɗaya da ta tsuke a murfin baya ta isa. Gaskiya ne tun shekarun 1980 kwamfutar nutso ta karɓe aikin ƙidayar lokaci, amma lambar da ke kan fuska har yanzu alkawari ce ga wanda ya karanta ta.

Mu da ke rubutu muna da rabo a cikin wannan. In tauraron labarinka hafsan ruwa ne a 1965, ka ce ya murɗa zoben Submariner ɗinsa yana ƙas-ƙas, ko ka ce zoben na tangaran ne, mai karatu da ya sani zai daina yarda da sauran abin da ka faɗa masa. Tambayar da mai harhaɗawa ke yi wa kowane ƙarfe kafin ya ɗaure shi ita ce ta kamace mu da kowane kayan da muka sa a hannun jarumanmu: a wace shekara aka fara yin sa, kuma wace matsala aka yi shi don ya magance?

Masu gyara ko ƙarin bayani, fili naku ne a ƙasa.